Daga Gombe Zuwa Bauchi, Rakiyar Goggo Aikin Kai

Mun bar Gombe ranar Lahadi bayan sallar asuba, hazon hunturu bai ɗaga ba tukuna. Mu huɗu ne a motar: direba, da Yaya babban ɗan Goggo a gaba, sai ni da ita a baya. Ranar Laraba aka sa za a yi mata aiki a kai a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa, an ce ta zo ta karɓi gado tun Litinin. Bauchi aka zaɓa saboda can 'ya'yanta biyu suke zaune, kuma jinyar kai tana son gidan da za a riƙa dafa abinci, da masu ba da jini a kusa, da waɗanda za su karɓi juna kwana. Ni an ɗauko ni ne saboda aikin jinya nake yi, kuma na daɗe a ɗakin tiyata.

Shatar mota muka yi. Tafiyar kilomita 150 ce da 'yan kai, awa biyu zuwa biyu da rabi idan ba a yi gudu ba. Wanda bai da halin shata, ya biya wa maras lafiya kujera biyu a bakin ƙofa, domin mai ƙari a kai yana iya yin amai ko jijjiga ba sanarwa, ana kuma bukatar wurin da za a kwantar da shi a gefe. Magunguna a jakar hannu suke tafiya, kada a cusa su cikin Ghana-mas-go a jefa but. Hotunan kai kuwa, na CT da na MRI, suna cikin babban ambulan ɗinsu a kan cinyata. Ba a naɗe su, ba a barin su a gaban gilashi rana ta buge su, kuma an haɗa da faifan da aka bayar tare da su da takardar sakamako, saboda likitan tiyata da idonsa yake son ganin hoton.

Abin da ke kan Goggo ƙari ne da likitoci ke kira meninjiyoma. Daga fatar nan da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa yake tsirowa, yana girma a hankali, shekara da shekaru, har ya fara danne abin da ke ƙarƙashinsa. Kusan 8 cikin 10 na irinsa ba masu yaɗuwa ba ne, kuma ya fi kama mata da suka manyanta. Nata yana gefen dama, shi ya sa hannun hagu ne ya yi sanyi, domin kowane ɓangaren ƙwaƙwalwa ɗaya gefen jiki yake juyawa. Ciwon kan safe da ya addabe ta, da jijjiga biyu da ta yi a cikin wata guda, su suka kai ta ga hoto.

Har muka wuce filin jirgin sama na Lawanti ba ta ce uffan ba, carbi kawai take ja. Can sai ta matso da bakinta kusa da kunnena don kada Yaya ya ji.

"Ɗiyata, ki gaya mini tsakaninki da Allah. Wai da zarto za su buɗe ni?"

Wata guda ke nan kowa yana ce mata "babu komai, Hajiya". Da kyakkyawar niyya ake faɗa, amma na sha ganin abin da kalmar take yi wa maras lafiya: tana rufe masa baki, ya koma shi kaɗai da zullumin da ya ƙirƙira, wanda kusan kullum ya fi gaskiyar muni. Saboda haka na ce mata, "Goggo, in kina so zan gaya miki daki-daki, in kin gaji ki ce na tsaya." Ta gyaɗa kai.

Na ce mata abu na farko allurar barci ce ta jijiyar hannu, kafin ta ƙirga goma barci ya ɗauke ta. Duk abin da zai biyo baya ba za ta san an yi ba: bututun numfashi a maƙogwaro, robar fitsari, da maƙalin ƙarfe mai ƙusa uku da ke riƙe kai don kada ya motsa ko kaɗan. Za a aske gashi daidai inda za a yi aikin, a wanke da maganin kashe ƙwayoyin cuta, a tsaga fata. Sai a huda ƙananan ramuka a ƙoƙon kai, a haɗa tsakaninsu da ɗan injin yanka, a ɗaga ƙashin kamar murfin tukunya a ajiye shi a wuri mai tsabta. A buɗe fatar da ke ƙasa, a raba ƙarin da ƙwaƙwalwa sannu-sannu, a tsayar da duk wata jijiya mai zubar jini. Daga nan a ɗinke fatar ciki, a mayar da ƙashin mazauninsa a ɗaure shi, a ɗinke fatar waje, wani lokaci a bar ɗan siririn bututu na kwana ɗaya ko biyu don jinin da ya taru ya fita.

"Ashe ana mayar da ƙashin," in ji ta. Ashe abin da ya fi hana ta barci ke nan. Ta ɗauka da rami a kai za ta ƙarasa rayuwarta, kuma ba wanda ta iya tambaya. Na ƙara mata da cewa ita ƙwaƙwalwa kanta ba ta jin zafi, ciwon da ake ji bayan aiki na fata ne da naman gefen kai, kuma akwai maganinsa.

A Bara muka tsaya ƙarfe takwas ta yi, lokacin magani. Iri biyu take sha, kuma duk mai rakiya ya kamata ya san aikin kowanne. Na farko deksametazon, mai rage kumburin da ke kewaye da ƙarin. Shi ya sa ciwon kan ya lafa, har wasu iyalai su ce ai ta warke, a fasa aikin. Ƙarin yana nan daram. Maganin yana ɗaga suga, yana cin ciki idan an sha ba abinci, yana hana barci, yana sa zuciya ta yi ta harbawa mutum ya kasa zama wuri ɗaya. Wani kaso na fargabar Goggo daga wannan ƙwayar yake, da na gaya mata haka sai ta ce, "To alhamdu lillahi, na ɗauka imanina ne ya yi rauni." Ba a dakatar da shi kwatsam, likita ne ke rage shi mataki-mataki. Na biyu maganin hana jijjiga, wanda tsallake shi sau ɗaya ma yana iya jawo ta. Na ba ta da shayi da biredi daga fulas.

Nan na kira Yaya da direba gefen mota na maimaita musu abin yi idan jijjiga ta zo a hanya. A tsaya, a kwantar da ita a gefenta, a sa gyale a ƙarƙashin kai, a duba agogo. Kada a danne ta, kada a tura cokali ko yatsa a baki, kada a ɗura ruwa, domin harshe ba ya haɗiyuwa amma ruwa yana faɗawa huhu. Yawanci cikin minti biyu take wucewa. Idan ta kai minti 5, ko ta sake dawowa kafin ta farfaɗo, sai asibiti mafi kusa, wanda a wannan hanyar na Alkaleri ne.

Bayan Alkaleri abin ya taso mata. Tafin hannunta ya jiƙe, numfashi ya koma sama-sama, ta ce leɓenta na yi mata tsami-tsami. Numfashi da sauri ne ke kawo haka, mai shi kuma sai ya ɗauka ciwon ne ya motsa, tsoron ya ninku. Na sa ta ɗora hannu a ciki, ta ja iska ta hanci ina ƙirga huɗu, ta sake ta ta baki ina ƙirga shida. Sirrin yana ga fitarwar, ita ce ake ja ta fi shaƙa tsawo, ita ke rage gudun zuciya. Da ƙirgar ta dame ta sai muka mayar da ita zikiri: ta shaƙa shiru, ta fitar da "Hasbunallahu wa ni'imal wakil" a hankali har iskar ta ƙare. Minti biyar muka yi muna haka. Gara a koyi wannan tun da sauran kwanaki, safe da dare, don ranar aiki jiki ya riga ya saba.

Da muka hau gadar Dindima, ruwan Gongola ya ja baya sai yashi da 'yan kwale-kwale a gefe, ta ce Yaya ya rage rediyo. Ta fara lissafa bashin da ake bin ta da wanda take bi, da kuɗin adashen da ke hannunta na matan unguwa, da wanda za a ba keken ɗinkinta. Yaya ya juyo, "Haba Inna, ki daina wannan magana." Na taɓa kafaɗarsa na ce, "Yaya, bar ta ta gama, ka rubuta." Wasiyya ba ta kawo ajali, addini ma ya kwaɗaitar da ita ga mai lafiya balle mai shirin shiga tiyata. Abin da na lura a wurin aiki shi ne wanda ya sauke wannan nauyin ya fi samun barci a daren ƙarshe. Ya rubuta a bayan takardar kemis. Da ya gama karanta mata, ta jingina da kujera, ba ta farka ba sai da muka shiga gari.

A gidan ƙanwar Yaya an tanadi masa da miyar taushe, kamar yadda Bauchi ta saba karɓar baƙo, Goggo ta ci uku. Kafin la'asar falo ya cika da 'yan dubiya. Dubiya lada ce, amma a cikin kowane taro ba a rasa mai cewa "wane ma haka aka yi masa, bai tashi ba". Tun a daren muka raba aiki. Wayar Goggo ta koma hannun 'yarta, mutum ɗaya ne zai riƙa ba dangi labari, kuma duk mai shiga ana roƙonsa tun daga ƙofa ya yi addu'a ya taƙaita. Wata dattijuwa ta kawo ƙullin garin magani a leda. Mun karɓa da godiya muka ajiye. Ana son a bar duk wani sassaƙe da jiƙo tun mako biyu kafin aiki, saboda wasunsu na tsinka jini ko su taɓa hanta da ƙoda, kuma ba wanda ya san adadin abin da ke ciki. Haka asfirin da makamantansa masu hana jini daskarewa, likita kan tsayar da su kusan kwana 7 kafin aiki, ibufurofen da diklofenak ma a tambaye shi. Jinin da zai zama ɗan kumburi a cinya, a cikin ƙoƙon kai ba shi da wurin zuwa sai ya danne ƙwaƙwalwa.

Litinin ta tafi a kati da fayil da gwaje-gwaje: yawan jini, rukunin jini, aikin ƙoda da gishirin jiki, suga, saurin daskarewar jini, hoton ƙirji, awon bugun zuciya. Abin da ya fi cin lokaci shi ne jini. Irin wannan ƙarin yana da jijiyoyi da yawa, don haka ana tanadar leda kafin a fara. Duk adadin da aka ce, a kawo mutanen da suka fi shi yawa, domin ana tace kowa: shekara 18 zuwa sama, nauyi kilo 50 aƙalla, jini isasshe, ba ciwon hanta na B ko C, ba ƙanjamau. Samari shida Yaya ya tara, biyu ba su tsallake ba. Su ci abinci su sha ruwa kafin su zo, kuma a gama wannan tun kwana biyu kafin ranar, kada a bari sai da safen.

Ranar Talata likitan tiyata ya zo da takardar amincewa. Tun dare mun rubuta tambayoyinmu, saboda a gaban likita kai yakan ɗauke. Za a iya cire ƙarin duka, ko akwai inda ya manne da babbar jijiya da za a bari? Hannun hagun zai dawo? Wane haɗari ne ya fi kusa a nata aikin? Awa nawa? Kwana nawa a ɗakin kulawa ta musamman? Ya zauna a bakin gado ya amsa da Hausa, yana nuna mata farin dunƙulen a hoto. Bai ɓoye haɗarin ba: zubar jini, kumburin ƙwaƙwalwa, jijjiga, ƙwayoyin cuta a ciwon, yoyon ruwan ƙwaƙwalwa ta ɗinki, raunin hannu ko ƙafa da kan iya ƙaruwa na ɗan lokaci ko ya zauna, da daskarewar jini a ƙafa saboda kwanciya. Ya kuma faɗi abin da zai faru idan an bar shi yana girma. Goggo ta saurara har ƙarshe ta ce, "Likita, Allah ya yi maka jagora," ta dangwala yatsa da kanta. Ina ganin kuskure ne a fitar da maras lafiya mai hankalinsa daga wannan zance a yi shi da 'ya'ya a baranda. Yana ganin fuskokinsu idan sun dawo, sai ya fassara su da mafi muni.

Da yamma likitan sa barci ya zo, ya sa ta buɗe baki ya ga haƙorin Makka. Ya tambaya ko yana girgiɗi, domin bututun numfashi ta nan zai bi, haƙori mai motsi ko na roba dole a san da shi. Ya tambayi hawan jini, suga, asma, ko wani magani ya taɓa yi mata borin jini, ko an taɓa sa ta barci. Goggo ta roƙe shi ƙwayar da za ta sa ta barci a daren. Ya yi mata bayani cewa ga mai ƙari a kai ana taka-tsantsan da irin waɗannan, kuma wannan magana ce da nake so kowa ya riƙe. Baliyam da danginsa suna rage numfashi, iskar da ya kamata ta fita ta taru a jini, jijiyoyin kai su buɗe, matsin da ke cikin ƙoƙon kai ya ƙaru. Suna kuma rufe alamar da ma'aikata ke dubawa, domin ba za a gane barcin magani ne ko ciwon ne ya yi tsanani ba. Tiramol kuma yana iya tayar da jijjiga. Kada tausayi ya sa wani ya sayo daga kemis ya ba ta a ɓoye.

Sauran shirin na hannu ne, kuma na ga yana kwantar da hankali don yana ba kowa abin yi. 'Yarta ta tsefe mata kitso, aka wanke kan da sabulu, ba a shafa mai ba. Aka cire 'yan kunne da zobe da warwaro. Ba jan farce, ba baƙin lalle a yatsu, saboda ɗan maƙalin da ke auna iskar jini ta farce yake karantawa. Batun abinci kuwa, ƙa'idar da aka saba ita ce awa 6 ba abinci, awa 8 idan mai maiƙo ne, ruwa zalla kuma har zuwa awa 2 kafin aiki, amma abin da asibitin ya faɗa shi za a bi. Inda mutane ke tuntuɓe shi ne kunu da fura da shayi mai madara, suna ɗaukar su abin sha, alhali a wurin likita abinci ne. Dalilin hanin, idan barci ya kama mutum abin da ke ciki yana iya hawowa ya zuba a huhu. Kofin koko ɗaya da aka ba da don tausayi ya isa a ɗaga aiki. Rubutu da zamzam da aka aiko daga Gombe, ta sha su da daren tun kafin lokacin hanin ya shiga. Maganin jijjiga da na kumburi na safe an ce ta haɗiye su da kurɓi ɗaya.

Daren bai yi mata sauƙi ba, ban kuma sa ran zai yi ba. Rashin barcin dare ɗaya ba ya ɓata aiki, na gaya mata haka don kada ta ƙara damuwar rashin barci a kan damuwar da take ciki. Wajen ƙarfe biyu ta tambaye ni yadda za ta yi sallah bayan aiki. Na tuna mata hadisin Imrana ɗan Husaini: a tsaye, in ba a iya ba a zaune, in ba a iya ba a kwance a gefe. Makonnin farko ba a son sunkuyar da kai ƙasa, nuni ya wadatar, kuma ba a jiƙa ɗinki da ruwan alwala. Sai na ba ta labarin farkawa, don kada ta tsorata da shi. Za ta ga kanta a ɗaki mai na'urori masu ƙara, an ɗaga kan gadon kamar digiri 30, maƙogwaro na kaikayi. Kowace awa za a tashe ta, a haska mata tocila a ido, a tambaye ta sunanta da inda take, a ce ta matse hannu ta ɗaga ƙafa. Hakan ba ya nufin wani abu ya lalace, hanyar gane matsala ke nan tun tana ƙarama. Ido na iya kumbura ya yi baƙi a rana ta biyu ko ta uku, sannan ya saɓe. Zare kuma tsakanin kwana 7 zuwa 14 ake cirewa. Ta ɗora hannun dama a kanta, ta yi Bismillah sau uku, ta karanta "A'uzu billahi wa ƙudratihi min sharri ma ajidu wa uhaziru" sau bakwai, muka koma numfashin nan na hanyar Alkaleri har aka kira assalatu.

Ƙarfe takwas da rabi aka turo gadon. A ƙofar tiyata aka sake tambayarta sunanta, da aikin da za a yi, da gefen da za a yi shi. Ta amsa da kanta, "Dama." Ta miƙa wa Yaya carbinta ta ce ya riƙe mata.

Na riga na gargaɗi masu jira cewa awannin da likita ya faɗa na aikin ne kawai. Sa barci da daidaita kai kan ci awa guda kafin a taɓa wuƙa, farkarwa ma haka, don haka jinkiri shi kaɗai ba mugun labari ba ne. Mutum ɗaya ya zauna a bakin ƙofa da waya a kunne da kuɗi a hannu ko za a bukaci ƙarin jini ko magani, sauran suka shimfiɗa tabarma a inuwa. Aka yi azahar, aka yi la'asar. Wajen ƙarfe huɗu da rabi aka kira Yaya aka ba shi 'yar roba da ƙarin a cikin ruwan magani, ya kai ɗakin gwaji ya karɓo rasit, domin sakamakon wannan gwajin ne zai faɗi matakin ƙarin da ko akwai sauran magani a gaba, kuma yakan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu ko fiye.

Bayan magariba aka bar mutum ɗaya ya shiga na minti biyu, suka ce ni in je. Kanta naɗe da farin bandeji, idonta a lumshe. Malamar jinya ta sunkuya ta ce, "Mama, ina kike yanzu?" Ta ɗan jima, sannan ta ce, "Bauchi." Aka ce ta matse hannuna. Na dama ya matse da ƙarfi. Na zagaya ɗaya gefen gadon na sa yatsu biyu a tafin hagun, na jira, sai na ji sun motsa kaɗan. Malamar ta rubuta a takarda ta ce bayan awa ɗaya za ta sake gwadawa, ni kuma na fita na gaya wa Yaya ya kira Gombe.